Awon kayan kiɗan Bama da mudu biyu: sharhi kan tsarin Hornbostel da Sachs

Kwamitin da aka ɗora wa aikin tsara kalmomin koyarwa, idan ya iso babin kiɗa, akwai tambayar da takan tsayar da shi tun kafin a rubuta kalmar farko, watau bisa wane ma'auni za a jera kayan. Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ɗauko tsarin da Erich von Hornbostel da Curt Sachs suka buga cikin 1914 a mujallar Zeitschrift für Ethnologie ta birnin Balin, a fassara kawunansa huɗu, sa'an nan a zuba kalangu da goge da algaita a ciki, kowane a gurbinsa. Kafin a rattaba hannu bisa wannan shawara, ya kamata a gwada mudun a wata kasuwa mai nisa, inda babu wanda son gida zai karkatar da hukuncinsa. Ƙasar Bama, wadda hukumarta ta mayar wa suna Myanmar cikin 1989, ta dace da wannan gwaji. Sunanta ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin sojojin Afirka ta Yamma da Ingilishi suka kai can tsakanin 1943 da 1945 da yawansu da Hausa suke magana. Amma ba wannan ne dalilin zaɓenta ba. Dalilin shi ne Bamawa suna da nasu rabon kayan kiɗa wanda suka gada, kuma Sachs da kansa ya yi aiki kan kayansu, ya fitar da littafi cikin 1917 kan kayan kiɗan Bama da Assam da ke ajiye a gidan tarihin al'adu na birnin Munich. Ga mudu biyu, ga hatsi ɗaya.

Tsarin 1914 tambaya ɗaya yake yi wa kowane abin kiɗa: mene ne yake girgiza har amo ya fito? In jikin abin ne da kansa, kamar kuge ko shantu, kashi na 1 ke nan. In fata ce da aka ɗaure, kashi na 2. In tsirkiya ce, na 3. In iska ce, na 4. Kowane kashi ya rabu gida-gida da lambobi, irin lambobin da Dewey ya ƙago don jera littattafai. Marubutan biyu ba su ɓoye cewa sun ɗora gininsu bisa na Victor Mahillon na Burusal ba, shi kuwa rabo huɗu irin wannan yana nan cikin Natyashastra, tsohon littafin Indiya kan wasa da kiɗa, tun ɗaruruwan shekaru kafin a haifi ɗayansu. An fassara tsarin zuwa Ingilishi cikin 1961, gamayyar wasu gidajen tarihi na Turai kuma ta yi masa gyara cikin 2011. Abin da ya shekara fiye da ɗari ana aiki da shi ba a yi masa kallon raini.

Bamawa su kashi 5 suke ƙirgawa: kyei, kayan tagulla; thaye, kayan fata; kyo, masu tsirkiya; lei, na iska; da let-khok, masu tafi, irin goran da ake tsagawa a riƙa haɗa bakinsa biyu. Wasu sukan ƙara na 6, su ba pattala gidanta ita kaɗai. Wannan ƙari shi ne ya tona asirin rabon. Pattala jerin faifan gora ne, yawanci 24, da aka rataya bisa akwati mai siffar kwalekwale, ana bugunsu da sanduna biyu masu laushin kai. Danginta a Afirka ta Yamma ita ce balafon. Ba tagulla ba ce, ba fata ba, kuma ba tafi take yi ba, waƙa take rerawa. Da aka rasa inda za a sa ta sai aka gina mata ɗaki a gefe. Masanin da ya saba da ƙa'ida zai ga aibin nan da nan: kashi uku sun dogara ga abin da aka yi kayan da shi, ɗaya ga abin da ke motsa su, ɗaya ga aikin hannu. Ma'auni uku cikin jeri ɗaya. A nan Hornbostel da Sachs sun yi rinjaye, babu gardama, domin pattala ta samu gurbinta a kashi na 1 ba tare da an rushe komi ba.

To, amma a duba abin da ke faruwa idan aka shigar da hsaing waing cikin wannan tsari. Hsaing waing ita ce babbar ƙungiyar kiɗan fili, wadda ke raka wasan kwaikwayo na dare, da wasan ƴar tsana, da bikin shigar yara gidan ibadar Buda, da bukukuwan iskokin da suke kira nat. Tsakiyarta pat waing ne: ganguna 21, manya da ƙanana, rataye a cikin wani zagayen katako mai ado, makaɗin yana zaune a tsakiya yana juyawa yana bugunsu da yatsu da tafin hannu. Kowace ganga muryarta dabam. Ana daidaita ta da wani kwaɓi na dafaffiyar shinkafa da toka, wanda suke kira pat-sa, watau abincin ganga. A liƙa shi a tsakiyar fata, in an ƙara murya ta sauka, in an rage ta hau. Wanda ya taɓa ganin naken da ake sa wa kotso ko taushi ya san dabarar, sai dai a nan ganga 21 ake yi wa haka, kuma in za a sauya zubin waƙa sai makaɗin ya sake gyara wasunsu, wani lokaci ana tsakiyar wasa. Sakamakon shi ne gangunan nan ba ma'aunin lokaci suke riƙewa ba, karin waƙar ne da kansa suke fitarwa, da gudun da kunne ke wahalar bi.

Me tsarin 1914 ya ce game da wannan? Ya ce kashi na 2, ganguna masu fuska biyu, a jere. Gaskiya ne, amma gaskiyar da ba ta ƙosar ba. Abin da ya sa pat waing ya zama pat waing, watau kasancewarsa jagoran karin waƙa, bai bayyana a lambar ba, domin lambar siffar kwarya take dubawa. Haka kuma maƙwabcinsa na kusa, kyi waing, zagayen ƙananan farantan tagulla masu cibiya waɗanda ke bin karin nan ɗaya da shi, an ɗauke shi an kai kashi na 1. Hne, mai busa, ta tafi kashi na 4. Kayan da suke zaune kafaɗa da kafaɗa suna aiki ɗaya an watsa su gida uku, an kuma haɗa pat waing da pat-ma, babbar gangar da ke rataye a ƙarƙashin siffar wata dabbar almara, alhali aikinsu ya bambanta. Sachs ya yi aikinsa bisa kayan da ke cikin ma'aji, kuma ga mai ma'aji wannan rabo daidai ne: shi tambayarsa a wane kanta zai ajiye abu. Malamin da zai tsaya gaban ɗalibai tambayarsa dabam ce.

Adalci ya wajaba a nan, domin rabon Bamawa na kashi 5 shi ma ya watsa ƙungiyar kamar haka. Abin lura shi ne makaɗan can ba da wannan jeri suke tunanin sana'arsu ba. Rabon da ke aiki a bakinsu shi ne na wuri da ƙarfin amo: kiɗan fili mai ƙara, na hsaing waing, da kiɗan ɗaki mai taushi, inda mawaƙi ɗaya ke zaune da saung ko pattala, yana riƙe da si da wa a hannunsa, ƴan ƙananan kuge na tagulla da ɗan matafin gora, yana auna lokaci da su. Waƙoƙin kuwa taska ɗaya ce, Mahagita, gadon fadar sarakuna, ana iya kaɗa su ta kowace hanya. Akwai kuma rabon da ke cikin harshen kansa, wanda ya fi kowane jan hankalin mai nazarin harshe. Bamawa fi'ili biyu suke amfani da su: ti, ga duk abin da ake bugu ko taɓawa da yatsa, ganga ce ko tsirkiya, da hmok, ga abin da ake hurawa. In sun haɗa su, ti-hmok, sun ambaci sana'ar gaba ɗaya. Hausa haka take yi da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, inda mai garaya da mai kalangu duka makaɗa ne, mai kakaki kuwa mabushi. Harsuna biyu da ba su da dangantaka sun raba fagen gida biyu ta hanyar aikin jikin mutum, ba ta abin da ke girgiza ba. Littafin da zai koya wa Bahaushe cewa garaya ba ƴar'uwar kalangu ba ce yana da hujjarsa ta kimiyya, amma ya sani da harshen yake jayayya.

Inda tsarin ya fi nuna amfaninsa shi ne kan saung, ko saung gauk, abin kiɗan da Bamawa suka fi alfahari da shi. Jikinsa ɗan kwalekwale ne na icen padauk da aka rufe da fatar barewa irin ta can, daga goshinsa kuma wani dogon wuya ya tashi ya lanƙwaso kamar baka. Wuyan daga saiwar icen sha ake sassaƙo shi, wani ice mai ƙaya dangin ɗakwara, wanda saiwarsa kan tanƙware da kanta idan ya tsiro a gangaren tudu. Tsirkiyoyin, da na alharini ne, yanzu galibi na roba, suna tasowa daga tsakiyar fatar zuwa wuyan, a ɗaure su da jajayen igiyoyin auduga masu tuntu. Hannun dama ke kaɗawa da babban yatsa da manuni, babban yatsan hagu kuma ya danne tsirkiya don a samu muryar da babu ita a jeri. Tarihinsa mai tsawo ne. Akwai sassaƙensa a kufan Sri Ksetra, birnin mutanen Pyu, kuma tawagar makaɗan da Pyu suka aika fadar Tang ta ƙasar Sin cikin 801 zuwa 802 ta shiga littattafan tarihin Sin. Judith Becker, cikin wata maƙala ta 1967, ta bi sawunsa zuwa Indiya. Adadin tsirkiyoyinsa kuwa yana da sunayen mutane a jikinsa: Myawaddy Mingyi U Sa (1766–1853), bafade kuma marubucin waƙa, shi ake danganta wa kai su daga 7 zuwa 13, Dewa Einda U Maung Maung Gyi, makaɗin saung na ƙarshe a fadar Mandalay, ya ƙara ta 14, daga baya U Ba Than ya kai su 16, adadin da ya zama ruwan dare.

Mai fassara da ya ci karo da wannan abu zai ji hannunsa na ƙaiƙayin rubuta "garayar Bama" ko "molon Bama". Kuskure ne, kuma tsarin 1914 ne ke hana shi. A garaya da molo da gurmi tsirkiya kwance take bisa tsawon wuya, tana ratsa jaki, makaɗi yana danna ta jikin sanda. A saung tsirkiyoyin a tsaye suke ga fatar, kowace da muryarta, babu sandar da ake danna su a kanta. Hornbostel da Sachs sun ba wannan iri lamba 322.11, kuma wanda ya bi lambar zai iske ƴan'uwan saung a kaburburan Masar ta da, da Uganda, da kuma gaɓar tafkin Cadi, inda Buduma masunta ke da biram, mai siffar kwalekwale da tsirkiya 5. Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya rasu cikin 2018, shi ya je ya koyo shi cikin 2002 daga tsohon da ya rage yana kaɗa shi, ya fito da shi duniya. Ba wata hanya da jerin Bamawa na kashi 5, ko rabon Hausa na kiɗa da busa, zai iya nuna wannan zumunci. Daɗa lambar nan ce take gyara maganar da ake yawan maimaitawa, cewa saung ne kaɗai irinsa da ya rage a Asiya: Karen da ke cikin Bama kanta suna da nasu, ana kuma samun wasu a tsakiyar Indiya da duwatsun Nuristan. Abin da ya keɓanta da shi shi ne ya rayu a matsayin kiɗan fada mai rubutacciyar taskar waƙoƙi.

Hne ma haka. Doguwar mabusa ce ta katako mai ramuka 7 a gaba, da bakin ƙarfe wanda ba a kafe shi ba, igiya ce ke riƙe da shi yana lilo, harshenta kuma na ganyen wata ƴar'uwar giginya ne da aka ninka sau da yawa. A ce mata algaitar Bama ba a yi nisa da gaskiya ba, domin gidansu ɗaya, tare da zurna ta Turkiyya da shehnai ta Indiya. Amma abin da lamba ba za ta faɗa ba shi ne daga ramukanta aka samo sunayen muryoyin kiɗan Bama: ta-pauk, rami na ɗaya, hna-pauk, rami na biyu, haka har bakwai, kuma ƙirgar gangarowa take yi daga sama zuwa ƙasa, akasin ta Turawa. Makaɗin ganga da na tagulla duk da lafazin mabusa suke tattaunawa.

Sai batun baƙin kaya, inda mudun biyu suka gaza tare. Piyano ya shiga fadar Mandalay a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kafin Ingilishi su ci birnin cikin 1885 su kori sarki Thibaw. Bamawa suka raɗa masa suna sandaya, suka riƙa kaɗa shi da salon pattala da pat waing, murya biyu suna bin juna suna saɓawa, ba cunkoson muryoyi irin na Turai ba. Goge na Turawa da jita mai sulɓi su ma an mayar da su ƴan gida. A tsarin 1914 piyano yana kashi na 3, kusa da mi gyaung, akwatin tsirkiya 3 mai siffar kada wanda Mon suka riƙe bayan ya ɓace daga kiɗan Bamawa. A kunnen makaɗi kuwa ɗan ɗakin pattala ne. Jerin kayan "gargajiya" yakan bar sandaya a waje, ko da yake ya fi shekara ɗari yana raka Mahagita, ya kuma shigar da mi gyaung wanda sai an nema ake jinsa. Kalmar gargajiya a nan ba bayanin abin da ake kaɗawa take yi ba, zaɓi take yi. Zaɓin kuma bai tsaya nan ba: abin da ake kira kayan kiɗan Bama galibi na fadar Bamawa ne, kabila mafi yawa, wanda makarantun kiɗa na gwamnati da aka buɗe a Rangun da Mandalay bayan samun mulkin kai na 1948 suka ɗauka suka mayar na ƙasa. Gangar tagulla mai siffar kwaɗi a fuskarta, wadda Karen suka sa a tutarsu, da doguwar gangar Shan, sukan zo a ƙarshen shafi in ma sun zo. Mai tsara littafi a ƙasar da ke da harsunan ƙasa da yawa ya san nauyin irin wannan jeri.

Akwai wata matsala ta rubutu zalla, wadda masu tsara ƙa'idar rubutu za su fi kowa gane ta. Sunayen nan duk ta hannun marubutan Ingilishi suka iso, da haruffan da aka zaɓa don kunnen Bature. Abin da aka rubuta ky a kyei da kyo ba ky ta "kyau" ba ce, ta fi kusa da c ta "ci". Gy ta mi gyaung kuma j ce. Bahaushen da ya karanta su yadda ya saba zai furta abin da ba wanda zai gane a Mandalay. Mafi muni, harshen Bama yana da karin sauti mai bambanta ma'ana, rubutun boko kuwa ya zubar da shi. Si mai nufin ganga, wadda ke cikin si-daw, gangar sarauta mai matsayi irin na tambari, da o-zi, gangar tukunya ta ƙauye, dabam take da si mai nufin ƴan kugen auna lokaci. A rubutun Bamawa alama ce ta raba su. A boko sun zama kalma ɗaya, har mai karatu ya ɗauka ganga mawaƙin ke riƙe da ita. Ƙamus na Hausa da ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali haɗari ɗaya yake ɗauke da shi ga baƙon da zai koyi sunayen kayan Hausa.

Littattafan Mahagita kalmomin waƙa kawai suka adana. Karin kuwa baki da baki ake miƙa shi, ta hanyar da suke kira pazat-hsaing, kiɗan baki, inda malami ke rera gaɓoɓin da ke nuna wa ɗalibi tsirkiya ko gangar da zai taɓa. Wannan ilmi ba shi da gurbi a tsarin da aka gina don kantocin ma'aji, kuma marubutansa ba su yi da'awar yana da shi ba. Masu ɗauko shi a matsayin taswirar kiɗa gaba ɗaya su ne suka ɗora masa kayan da ba nasa ba. David Ames da Anthony King, cikin ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971, sun ga wannan iyaka: sun jera kayan bisa kashi huɗun nan, amma ba su tsaya nan ba, sai da suka ware babi ga makaɗa, da iyayen gidansu, da lokutan da ake kiɗan. Shigarwar saung a ƙamus na makaranta, in za ta yi aiki, tana bukatar abu huɗu a layi ɗaya: sunansa da lafazin da Bahaushe zai iya furtawa daidai, fi'ilin da masu shi ke amfani da shi, wurin da ake kaɗa shi, sa'an nan lamba 322.11, wadda za ta tura mai karatu shafin biram maimakon shafin garaya.